Motar filin tsere: yadda za ka gane ko ta ci kuɗinta kafin ka zuba

Duk sanda Porsche ko BMW ko Chevrolet suka fito da sabuwar motar da aka ƙera musamman don filin tsere, gardama ɗaya ce ke tashi, wasu su ce wannan ai ɓarnar dukiya ce tsagwaronta, wasu kuma su ce wanda bai taɓa zama a bayan sitiyarinta ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Kowa da gaskiyarsa, saboda motar ɗaya ce amma masu sayenta ba ɗaya ba ne. Irin motocin da nake nufi su ne masu lamba, waɗanda doka ta yarda ka hau titi da su, amma an rage musu nauyi, an ƙara musu fiffike, an taurara ƙafarsu, sannan aka lafta musu kuɗi. Su Porsche 911 GT3 RS, Porsche Cayman GT4 RS, Chevrolet Corvette Z06, BMW M4 CSL, Mercedes-AMG GT Black Series da sauran danginsu.

Ni dai a ganina irin wannan mota tana cin kuɗinta ne a hannun mutum iri ɗaya tak, wanda ke shiga fili akai-akai kuma hannunsa ya riga ya ƙure motar da ta fi ta arha. Sauran jama'a suna biyan kuɗin abin da ba za su taɓa taɓawa ba. Toh ga yadda za ka gane ko kai ne wannan mutumin ko ba kai ba ne.

Fara da sanin me ma kake biya, don a nan yawancin mutane ke yin kuskure, suna zaton ƙarin kuɗi ƙarin gudu ne. Ba haka ba ne. Ɗauki 911 GT3 RS ɗin da ta fito a 2022. Injinta lita 4 ne, silinda shida, babu turbo, ƙarfin doki 525, yana juyawa har 9,000 a minti. Iyakar gudunta kilomita 296 a awa, alhali ƙanwarta GT3 da ta fi ta arha tana wuce 310 cikin sauƙi. Daga tsaye zuwa 100 kuwa RS tana cin daƙiƙa 3.2, ita kuwa 911 Turbo S ta wancan lokacin mai kujeru masu laushi da wurin sa kaya tana yi a 2.7. Wato in burinka shi ne ka taka totur a miƙaƙƙen titi ka bar mutane a baya, wallahi ka zo wurin da ba naka ba, akwai motocin lantarki masu ƙofa huɗu da za su bar ka a danja kana kallo.

Abin da ka biya shi ne shan kwana, da birki, da juriya. Wannan ƙaton fiffiken da ke bayanta, wanda ya ɗara rufin motar tsawo, tare da sauran kafofin iska da aka yanka a jikinta, aikinsu su sa iska ta danne motar ƙasa yadda taya za ta ƙara kama kwalta. Porsche ta ce a gudun 200 iskar tana danna ta da nauyin kilo 409, a 285 kuma kilo 860. Shi ya sa ma gudunta na ƙarshe ya ragu, don iskar da ke danne ta ita ce kuma ke riƙe ta. Amma ka lura da wani abu, wannan dannawar ba a hankali take ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu ita ninkuwa take sau huɗu, haka kuma in ka rage gudu rabi sai ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kenan a gudun 100 da kake yi a babban titi abin da ya rage wajen kilo 100 ne kacal, a cikin gari kuwa ba a ma maganarsa, fiffiken nan ado ne kawai yana tare maka madubin baya. Kuma ko a filin ma sai ka shiga doguwar kwana da gudun da zuciyarka ke cewa ka cire ƙafa kafin ka fara cin moriyarsa, wanda mutane kaɗan ne ke da wannan ƙarfin halin da ƙwarewar a lokaci guda.

Juriya kuwa ita ce abin da ba a gani a hoto amma a nan ne kuɗin ya fi halasta. Motar gida, ko da mai ƙarfi ce, ka shiga fili da ita ka matsa mata zagaye kaɗan za ka ji birki ya fara laushi yana nutsewa ƙasa, baƙin mai ya ɗau zafi, kwamfutar motar ta rage maka ƙarfi don ta ceci injin. Dalili a fili yake, tsayar da mota daga 200 yana haifar da zafi ninki huɗu na tsayar da ita daga 100, kuma a fili kana yin haka ne sau da yawa a kowane zagaye babu hutu. Ga kuma matsalar baƙin mai, a doguwar kwana mai ƙarfi man yakan taru gefe ɗaya a ƙasan injin sai famfo ya zuƙi iska, daƙiƙa kaɗan sun isa su kashe inji. Motocin fili na gaske suna ajiye mansu a wani tanki daban da famfuna masu kwaso shi, irin tsarin da GT3 da Corvette Z06 ke da shi. A GT3 RS har but ɗin gaba suka sadaukar suka dasa ƙaton lagireto guda a tsakiya, wato ko jakar tafiya ba ka da inda za ka sa a gaba. Motar da za ta yi minti ashirin ana dukanta, ta huta, ta sake komawa, tun safe har yamma, sannan ka tuƙo ta gida da ƙafarta, wannan shi ne hajar da ake sayar maka. In ba za ka yi mata wannan dukan ba, ka sayi abin da ba ka buƙata.

Abu na biyu, ka koyi karanta lokacin zagaye, kar ya ruɗe ka. Kusan duk kamfanoni suna zuwa Nürburgring ne a Jamus, tsohon filin nan na cikin duwatsun Eifel da aka buɗe a 1927, wanda zagayensa ɗaya ya kai kilomita 20.8. GT3 ta yi shi a minti 6 da daƙiƙa 59.9 a hannun Lars Kern, GT3 RS kuma ta yi a 6 da 49.3 a hannun Jörg Bergmeister. Bambanci daƙiƙa goma da ɗoriya. Farashinsu a Amurka lokacin fitowarsu, GT3 dala 161,100, RS kuma dala 223,800, kafin a ƙara kayan zaɓi irin su ƙunshin Weissach na kayan rage nauyi da shi kaɗai ya haura dala dubu 30. Raba ka gani, kowace daƙiƙa ɗaya ta tashi kusan dala dubu 6, kuma a zagayen kusan minti bakwai. A ƙaramin fili da ake zagayewa cikin minti biyu bambancin sai ya ƙanƙance ya koma daƙiƙa biyu ko uku. Kuma kar ka manta su waye ke tuƙin, Bergmeister mutum ne da ya yi shekaru yana tseren gaske har ya zo na ɗaya a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, an rufe musu filin su kaɗai, an sa sabbin tayoyin Michelin Cup 2 R masu kama kwalta kamar danƙo amma ba sa daɗewa. Tsakaninka da shi a mota ɗaya ba daƙiƙa goma ba ne, ya fi haka nesa ba kusa ba. Saboda haka lambar nan tana gaya maka abin da motar za ta iya ne, ba abin da kai za ka iya da ita ba.

Yanzu ɗauko takarda da biro, don wannan shi ne ainihin gwajin. Rubuta kwana nawa ka shiga filin tsere a bara. Ba wanda kake niyyar yi baɗi ba fa, wanda ka yi. In amsar sifili ce toh a nan ma maganar ta ƙare, ba yanzu ba tukuna. Mutane da yawa suna ce wa kansu ai in na sayi motar zan fara zuwa, sai motar ta zo, aiki ya zo, iyali su zo, filin kuma yana da nisan awa huɗu ko biyar, ranakun da ake buɗewa kuma ba su dace da hutunsa ba, sai ka ga shekara ta zagayo sau ɗaya aka je, shi ma hoto aka fi ɗauka. Duba fili nawa ne za ka iya zuwa ka dawo a rana ɗaya, sau nawa suke buɗe wa masu motocin kansu, kuma ka tambayi dokar ƙara, don wannan na kama mutane ba zato. Filaye da yawa a Ingila da Amurka suna da iyakar ƙarar da suke yarda da ita saboda maƙwabta, Laguna Seca a Kaliforniya ta yi suna a kan haka, kuma akwai motocin da ko ba ka taɓa salansarsu ba, yadda suka fito daga kamfani, sai na'urar ta kama su a ɗaga maka baƙar tuta a ce ka fito. Ka ga kuwa ba ƙaramin takaici ba ne ka biya kuɗin inji mai kuka har 9,000 sannan a ce sai ka ɗaga ƙafa duk sanda ka zo wucewa ta gaban makirufo.

Sai ka yi rabon. Misali a ce bambancin motar fili da wadda ke ƙasa da ita dala dubu 60 ne, kuma za ka riƙe ta shekara huɗu. In kwana uku kake zuwa a shekara, kwana 12 kenan, kowace rana ta tashi dala dubu 5 kafin ka sayi taya ko mai. In kuwa kwana ashirin kake yi a shekara, kwana 80 kenan, rana ta koma dala 750. Wani ɓangare na kuɗin zai dawo in ka tashi sayarwa, za mu zo kan wannan, amma dai ka ga yadda mota ɗaya take zama hauka a hannun wani ta zama lissafi mai ma'ana a hannun wani.

Na gaba shi ne wanda ba a son ji, ka auna hannunka. Hanyar ba wuya. Samu ƙaramar mota mai jan baya, irin Mazda MX-5 da nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, ko Toyota GR86 da tagwayenta Subaru BRZ, waɗanda sabuwarsu ta fito a wajen dala dubu 30 a Amurka, ka zuba mata man birki mai jure zafi da fad ɗin birki masu kyau, ka ɗauki malami ya zauna a gefenka. Bayan ka yi zagayenka sai ka ba shi sitiyarin a motar nan taka, tayar nan taka, ranar nan, ka duba agogo. In ya ba ka ratar daƙiƙa biyar ko shida a ƙaramin fili, toh daƙiƙoƙin da kake nema suna jikinka ne ba a shagon dila ba, kuma kuɗin malami bai kai kuɗin taya ɗaya ta GT3 RS wani lokacin ba. Akwai ƙananan na'urori irin AiM Solo da Garmin Catalyst, har da manhajojin waya, da za su nuna maka inda ka taka birki da wuri, inda ka makara wajen komawa totur, inda ka bar kwalta mai faɗin mita ba ka yi amfani da ita ba. Ranar da ka ga layin da kake bi a filin da na malamin sun kusa haɗuwa, kuma kana maimaita lokaci ɗaya zagaye bayan zagaye ba wai sa'a ɗaya ba, kuma ka fara jin cewa motar ce ke riƙe ka, a ranar ne maganar babbar mota ta zama magana.

Akwai ma wani abu, mota mai tsananin riƙo tana ɓoye wa ɗan koyo kurakuransa. Ka shiga kwana ba daidai ba taya ta rufa maka asiri, kwamfuta ta gyara, sai ka ɗauka kai ne gwani. Ranar da riƙon zai ƙare kuwa a gudu mai yawa zai ƙare, lokacin da babu sararin gyara. A ƙaramar mota bayanta zai fara zamewa tun a gudun da in ka kuskure ciyawa kawai za ka shiga ka fito kana dariya. Wanda bai iya rarrafe ba aka ce ya tashi da gudu, ai ka san ƙarshen zancen.

Toh a ce ka wuce duk wannan, saura kuɗin ciyar da ita, wanda dila ba zai kawo maka zancensa ba. Taya ce kan gaba. Ta bayan GT3 RS faɗinta milimita 335 a kan rim inci 21, ta gaba 275 a kan inci 20, kuma irin wannan roba ba zanenta kawai ke cinyewa ba, duk sanda ta yi zafi ta huce tana ƙara tauri, sai ka ga taya da sauran zane a ido amma riƙon ya tafi. Mai matsa wa mota da gaske zai iya gama saiti cikin 'yan kwanakin fili. A ruwan sama kuma ko da sanyin safiya waɗannan tayoyin ba su da amana ko kaɗan, wannan ka sa shi a ranka in ita ce motar da za ka riƙa fita da ita kullum.

Birki kuma akwai abin mamaki. Faifan kabon-siramik, wanda a Porsche za ka gane shi da kalifa ruwan ɗorawa, wato ƙarfen da ke matse faifan birkin, ana sayar da shi da tsada a matsayin kayan tsere, ba shi da nauyi, ba ya baƙanta rim da ƙura, a titi kuma sai ya yi shekaru bai gaji ba. Amma da yawa daga masu zuwa fili sosai cire shi suke su ajiye a kwali su sa na ƙarfe, saboda tsananin zafi yana cinye shi, ɗan tsakuwa na iya ɓantare gefensa, kuma kuɗin canja guda huɗu zai iya sayen wata ƙaramar mota. Wato abin da aka ce na fili ne ya fi amfani ga wanda ba ya zuwa fili. Man birki shi ma sai ka riƙa canjawa akai-akai don yana shan danshi, na yau da kullum mai lambar DOT 4 ƙa'idarsa kar ya tafasa ƙasa da digiri 230, na tsere irin Motul RBF 600 ko Castrol SRF suna haura 300. Sannan rim mai noti ɗaya a tsakiya, yana da kyau a ido ba ƙarya, amma a Porsche sai an ɗaure shi da ƙarfin murɗawa mai yawan gaske, 600 Nm, da doguwar sifana ta musamman da man shafawa na musamman, motar tana ɗage wani ya taka maka birki, ba aikin da kowane mai faci zai yi maka a bakin hanya ba ne. Ƙara da alaimen da za ka riƙa dubawa, da sabis da ake matso da shi kusa in ana shiga fili, da man da take sha kamar ba gobe.

Inshora kuwa ka karanta takardarka da kyau tun kafin ka fita. Yawancin inshorar mota ta titi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, sai ka sayi wata daban ta ranar, kuma kuɗinta yana bin darajar motar ne, ga kason da kai za ka fara biya daga aljihunka mai kauri. A Nürburgring ranakun da ake buɗe wa kowa da kowa, in ka daki shingen ƙarfe kai za ka biya gyaransa, da motar janwe, har da lokacin da aka rufe filin saboda kai. Masu wannan harka suna da wata ƙa'ida da nake ganin ta fi duk wani lissafi, kar ka shiga fili da motar da ba za ka iya jure barinta a can ba. In tunanin bamban kabon da fiffiken nan zai sa ka riƙa ɗaga ƙafa a kowace kwana, za ka ga wani da tsohuwar MX-5 da ya liƙe fitilarta da salatif ya zo ya wuce ka yana ɗaga maka hannu, kuma ya fi ka jin daɗin ranar.

Kar ka saya sai ka tuƙa ta a irin hanyar da kake bi kullum, ba minti goma a santsin titin da dila ya zaɓa ba. Ka nemi awa guda ko fiye, ka shiga cunkoso, ka hau tudun rage gudu ka ji ko haɓarta na gogar ƙasa, in tana da na'urar ɗaga gaba ka gwada, ka shiga gargada. Ka fita ka shiga sau biyar a jere in kujerar kabon ce mai zurfi wadda bayanta ba ya kwantawa, ka ji abin da ƙugunka zai ce. Ka ɗauki wanda za ka riƙa ɗauka ya zauna a gefe. Cayman GT4 RS misali an buɗe mata kafar shan iska daidai bayan kunnen direba inda ƙananan tagogin baya suke a da, minti goma na farko kukan injin nan sai ya sa tsigar jikinka ta tashi don daɗi, bayan awa biyu a babban titi kuwa wasu abin toshe kunne suke nema. M4 CSL an cire mata kujerun baya gaba ɗaya da wasu kayan don a rage kilo 100. Waɗannan ba aibu ba ne, da gangan aka yi, amma kai ne za ka zauna da su.

Sai hujjar da aka fi kafawa, wai ai irin waɗannan motocin ba sa faɗuwa, jari ne. Akwai ƙamshin gaskiya, motocin GT na Porsche sun daɗe suna riƙe daraja fiye da yawancin motoci, wani lokacin ma ta hannu ta fi sabuwa tsada saboda layin jira. Amma ka tuna da 911 R ta 2016, guda 991 kacal aka yi, da giyar hannu, farashinta dala 184,900, nan da nan 'yan kasuwa suka ninka kuɗin suka sake ninkawa. A 2017 sai Porsche ta fito da GT3 Touring, ita ma giyar hannu, babu fiffike, kusan abu ɗaya a ƙasa da wancan kuɗin, sai farashin R ɗin ya sauko, wanda ya saya a ƙololuwa ya ji a jikinsa. Kamfani ne ke riƙe da famfon, ba kai ba. Kuma samun motar a farashin takarda ma wani aiki ne, dilalai kan fifita tsofaffin kwastomominsu ko su ɗora nasu ƙarin a sama, wanda in kasuwa ta huce shi ne farkon abin da zai narke. Ford ma da ta fito da GT a 2017 sai da mutum ya cike takardar nema aka zaɓe shi, da sharaɗin ba zai sayar ba sai bayan shekara biyu, har ta kai ɗan kokawar nan John Cena kotu da ya sayar da tasa da wuri. Babbar matsalar dai ita ce hujjojin biyu, ta jari da ta shiga fili, suna cin karo da juna, motar da ke riƙe daraja ita ce wadda ba a tuƙa ba, mai ƙarancin kilomita, fenti babu tabon tsakuwa. In ka yi mata abin da aka ƙera ta dominsa darajar ta ragu, in ka lulluɓe ta a gareji kuma ka sayi motar fili da ba ta san fili ba. Zaɓi ɗaya tun yanzu, kar ka yi wa kanka lissafi da duka biyun.

Kafin ka sa hannu ka jera ta da abokan takararta na gaskiya. Na farko matakin da ke ƙasa da ita, GT3 maimakon RS, M4 Competition da take wajen dala dubu 80 lokacin da CSL ke 139,900, ko Corvette Z06 ta 2023 mai ƙarfin doki 670 da ta fara daga dala dubu 106 da ɗoriya, ragowar kuɗin ka zuba a taya da malami da kwanakin fili. Na biyu, in da gaske fili ne kaɗai damuwarka, motar tsere ta ainihi wadda ba ta da lamba, irin Radical SR3 ko tsohuwar 911 Cup ko MX-5 da aka shirya don gasa, tana da kejin ƙarfe cikakke, da bel mai madauri shida, da abin kashe gobara, ta fi kare ranka, sau da yawa kuma ta fi gudu a kuɗi ƙasa da haka, sai dai tana buƙatar tirela da motar ja da wurin ajiya da makanike da ya san ta. Na uku haya. Porsche tana da cibiyoyin gwaji a Silverstone da Atlanta da Los Angeles da Hockenheim inda za ka biya ka tuƙa da malami, a kewayen Nürburgring da Spa a Beljiyam ma akwai masu ba da hayar motocin da aka shirya, mai zuwa sau biyu a shekara wannan ya fi masa sauƙi nesa, ya gama ya miƙa makulli ya tafi, taya da birki matsalar wani ce.

Inda motar fili mai lamba ta fi duk waɗannan shi ne ga mutumin da ke son ya tada ta daga gida da safe, ya yi tafiyar awa biyu, ya rage iskar taya, ya sa hular kwano, ya wuni yana zagaye ba tare da ta yi tari ba, ya dawo gida da ita da yamma da garantin kamfani a kanta, kuma yana yin haka wata bayan wata. Ga wannan mutumin babu tirela, babu ma'aikata, kuɗin ya halasta. Garantin ma ka tambaya a rubuce me ya rufe in an shiga fili, don kamfanoni sun bambanta, kuma kusan dukkansu suna raba tsakanin ranar zagaye ta nishaɗi da gasa ta ainihi. In kuma kai dai kawai sonta kake, kukan injin ne ke tafiya da kai, kuɗin kuma ba zai taɓa komai a rayuwarka ba, saya abinka, so ma dalili ne, amma toh ka duba mai giyar hannu marar fiffike irin Touring, don a titi ita za ta fi ba ka abin da kake nema.

In ta hannu za ka saya, wanda sau da yawa shi ya fi hankali, kar tarihin shiga fili ya tsorata ka shi kaɗai, motar da aka tuƙa aka kula da ita ta fi wadda ta shekara biyar a tsaye robobinta suna bushewa. Abin da za ka nema shi ne takardun sabis, ka ga ko ana canja baƙin mai da man birki a kan kari. Kai ta wurin makaniken da ya san irinta ya ɗaga ta sama ya duba ƙasanta, ya sa na'urar auna kaurin fenti don a gano inda aka yi gyara. A Porsche kwamfutar injin tana ajiye tarihin duk lokacin da aka wuce iyakar juyawa, mataki 1 zuwa 6, kuma a mai giyar hannu wannan rahoton yana da muhimmanci sosai don kuskuren sauko da giya ɗaya ya isa ya kai inji can sama, saboda haka ka sa a ciro maka shi ka ga matakin da kuma awa nawa injin ya yi tun bayan faruwar abin. Faifan kabon-siramik kuma ba a gane lafiyarsa da ido ko da kauri kawai, sai an cire an auna nauyinsa a sikeli an gwada da lambar da aka buga a jikinsa, ko a sa na'urar da aka yi don haka. In mai motar ya ƙi yarda a yi waɗannan, ka bar masa kayarsa ka nemi wata.